Wa ya koya wa mai sulhu sulhu? Tarihin horon masu raba gardamar gona da garke a kudancin Nijar

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 1991, daidai lokacin da wakilan ƙasa ke Yamai suna shirin rufe babban taron ƙasa, labari ya iso daga jihar Maraɗi cewa an zubar da jini a Toda. Rigimar manoma da makiyaya ce, irin wadda kusan kowace kaka kan zo da ita, sai dai wannan karo ba ta tsaya ga sanda da gatari tsakanin mutum biyu ba. Fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu, akasarinsu Fulani, kuma mata da yara ne suka fi yawa cikinsu. Wanda ke shugabantar taron na Yamai, André Salifou, masanin tarihi ne, shi ne kuma ya rubuta tarihin Damagaram ta ƙarni na 19, wato ya san yadda fada da alƙalai suka riƙe jama'a kafin zuwan Nasara. Abin da ya fi ɗaure kai game da Toda shi ne yankin bai rasa hukuma ba. Akwai masu gari, akwai arɗo-arɗo, akwai sarakuna da malamai, ga superefe ga jandarmomi. Duk da haka ba a samu wanda ya tare wutar tun tana hayaƙi ba.

Tun daga wannan shekara kalmar «horo» ta zauna a bakin hukuma da ƙungiyoyi. An yi tarurrukan horo da ba su ƙidayuwa, an buga littattafan jagora, an rarraba takardun shaida. Amma sasanta mutane ba a 1991 aka fara shi ba, koyar da shi ma haka. Duk mai son gyara tsarin horon yau, ya kamata ya fara da sanin yadda aka koyi wannan aiki a da, da kuma inda igiyar koyon ta tsinke.

Makarantar zaure

A Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tibiri, waɗanda aka kafa a rabin farko na ƙarni na 19 bayan jihadi ya fitar da gidajen sarautar daga biranensu, haka ma a Damagaram ta zamanin Tanimun, babu wata makaranta mai suna makarantar sulhu. Zaure ne makarantar. Ɗan maigari yakan tashi yana zaune bayan mahaifinsa, ba ya magana, yana kallo. Yakan ga wanda aka fara ba baki da wanda aka sa ya jira, yakan ji yadda ake tsawaita gaisuwa da gangan har numfashin mai fushi ya sauka, yakan lura da cewa maganar da ta yi zafi akan ɗage ta zuwa bayan la'asar ko zuwa gobe, ba don an rasa amsa ba, sai don dare ya yi nasa aiki. In ya fara girma, sai a haɗa shi da wani bara ya je ya ga gonar da aka yi wa ɓarna, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. In ya ƙara gishiri, ranar da gaskiya ta fito a gaban jama'a zai sha kunyar da ba zai sake ba. Mutum kan yi shekara ashirin cikin wannan hali kafin a bar masa magana shi kaɗai.

Kuma ba mutum guda ke riƙe da sanin ba. Sarkin noma da tsofaffin gari su suka san iyakoki: ga layin gamba da kakan wane ya dasa, ga gawon da ya raba gona biyu, ga shingen aguwa da ke nuna bakin burtali. Arɗo da garso su suka san hanyar shanu da mashaya da lokacin saukowa daga arewa. Malamai kuwa suna da littafi. Ɗalibin da zai zama alƙali yakan bi ta kan Risala ta Ibn Abi Zaid, ya wuce zuwa Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wadda aka tsara a waƙe domin a haddace, kuma tana da babi na musamman kan sulhu. Daga fiƙihun Malikiyya ne aka san ƙa'idar nan da ta bambanta ɓarnar dare da ta rana: abin da dabba ta ci da dare yana kan mai ita, da rana kuwa mai gona ne ake sa ran ya tsare gonarsa. In shaida ta ƙare, sai rantsuwa da Alƙur'ani, wadda mutane ke tsoro ƙwarai, har ma sau da yawa ambatonta kaɗai kan sa mai ƙarya ya janye. A ƙasar Arewa, wajen Lugu, Azna na da dutsen Tunguma da suke kai wa gardamar da ta gagari mutane.

Akwai kuma wasan taubasai, tsakanin Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Gobirawa da Zabarmawa, Buzaye da Zabarmawa. Taubashi na iya shiga tsakiyar rigima ya faɗa wa mai ƙarfi maganar da ba wanda zai iya faɗa masa, a yi dariya, a kuma ji. UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam a 2014. Sai dai akan zuzuta ta fiye da kima a wuraren taro. Wasa na buɗe ƙofar magana, amma ba ya auna damin hatsin da shanu suka ci, ba ya kuma maido da burtalin da aka nome.

Kada a ɗauka wannan makaranta ta zaure ba ta da aibi. Mai arziki da ɗan gidan sarauta sun fi talaka jin daɗinta, bawa ba ya jayayya da ubangijinsa, mace kuwa galibi ta bakin miji ko wa ake jin ta. Ƙarfinta yana ga abu biyu: mai koyo yana koyo ne a kan rigima ta gaske, a gaban mutanen da za su ci gaba da zama tare da shi, sa'an nan ana koyar da shi cikin harshen da ake rigimar.

Daga kumandan zuwa Kunce

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, suka mai da ita hedikwata daga 1911 zuwa 1926. Dokar 10 ga Nuwamba 1903, wadda ta tsara shari'a a yankunansu na Afirka ta Yamma, ta bar wa maigari ikon sasanta mutane cikin ƙananan lamurra, ta ɗora wasu kotuna a kansa, kumandan na can bisa. A takarda, kamar an girmama al'ada. A aikace, sarki ya zama mai karɓar haraji da tara mutanen aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Wanda jiya ya aiko dogarai su kama ɗanka, da wuya yau ka zauna gabansa da zuciya ɗaya don ya sasanta ka da maƙwabcinka. Wani sabon mutum kuma ya shiga tsakani, shi ne tafinta, wanda maganar kowa ke bi ta bakinsa kafin ta kai ga kunnen kumandan. Tun daga nan aka samu rabuwar da har yanzu ba ta warke ba: ana rigima da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, ana rubuta sakamakonta da Faransanci.

Bayan ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta fitar da dokoki biyu da suka shafi wannan batu. Ta 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a jihar Maraɗi ta bi ta fadamar Tarka. Bayan wannan layi ƙasar kiwo ce, kuma wanda ya yi gona a can ba ya da hakkin biyan ɓarna. Ta 16 ga Maris 1962 ta tsara kotuna, ta yarda a yi aiki da al'ada cikin shari'ar gonaki, da masu ba alƙali shawara kan al'adar masu ƙara. Amma ba wanda ya damu da koya wa masu gari abin da dokokin suka ƙunsa. An ɗauka sarki ya gaji sanin sulhu tare da rawani.

Seyni Kunce ya hau mulki a watan Afrilu na 1974, bayan farin da ya karkashe dabbobi. Ran 18 ga Disamba na wannan shekara ya yi shelar cewa duk gonar da mutum ke nomawa, ko ta wace hanya ta shigo hannunsa, ta zauna gare shi. Niyyar ita ce a kare talaka daga masu filaye. Abin da ya biyo baya kuwa shi ne masu gonaki suka shiga ƙwace aro da jingina tun kafin su kuɓuce masu, masu aro kuma suka ƙi saki. Ƙararraki suka yi yawa har a 1977 aka hana hukumomi da sarakuna taɓa rigimar gonaki. Hana sauraron ƙara bai kashe rigima ba, ya dai aje ta ne a ƙarƙashin toka. A waɗannan shekaru, matasan gidajen sarauta da ya kamata su koyi aikin a zaure sun tashi suna ganin iyayensu na yi a ɓoye, ko ba su yi ko kaɗan.

A lokaci guda ƙasar kanta tana canjawa. Ƙidayar 1977 ta samu mutum kusan miliyan 5, ta 1988 miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuwa miliyan 17, kuma Maraɗi da Damagaram kowace ta haura miliyan 3. Saura ta ƙare a wurare da yawa. Gonaki suka hau burtali, suka kewaye tabkuna da rijiyoyi, suka ƙetare layin 1961. Wani abu da ba a cika ambata ba shi ne mutuwar tsohuwar yarjejeniyar kara da taki. Da, manomi ne ke roƙon Bafillace ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya haɗa masa da hatsi. Bayan farin 1984 manoma da ƴan kasuwa da ma'aikata suka sayi dabbobi da yawa, amalanken shanu ya yaɗu, kara da harawa suka zama haja da ake kwashewa a sayar ko a aje wa dabbobin gida. Makiyayin da ya sauko ya tarar da gona a share, hanya a toshe. Hikimar zaure an gina ta ne a kan duniyar da ɓangarorin biyu ke bukatar juna. Da bukatar ta ragu, sai dattijon da ya iya lallashi ya tarar ba ya da abin da zai riƙe mutane da shi.

Zamanin Kofo da tarurrukan horo

An fara aikin kundin dokokin karkara a 1986, aka tattauna shi a taron Gidigir a watan Janairu na 1990, aka sa masa hannu ran 2 ga Maris 1993. Cikin wannan wata, ran 30, wata doka ta fayyace matsayin sarakunan gargajiya. Dokokin biyu sun tsaida tsari mai ma'ana. Hakkin gona na al'ada ya samu daraja ɗaya da na takarda. Rigimar ƙasa ba ta zuwa kotu sai an fara gwada sulhu a gaban sarakuna. Ko an daidaita ko ba a daidaita ba, sai a rubuta takardar zaman, a shigar da ita cikin rajista, a aika wa hukuma da kotu. In an daidaita kuma ɓangarorin suka sa hannu, alƙali na iya ba takardar ƙarfin zartarwa. Kwamitocin filaye, waɗanda kowa ya sani da Kofo, an fara gwada su a Mirya da Maine-Sorowa a 1994, daga baya suka sauka zuwa matakin komin da na ƙauye, musamman bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 da ƙa'idar da aka fitar a 2005. Kofo ba kotu ba ce, ba ita ke sulhu ba. Aikinta rubuta shaidar saye da kyauta da gado da aro da jingina, shata burtali da makiyaya, da taimaka wa sarki da bayanin da yake bukata.

Masani ɗan ƙasar Danmak, Christian Lund, wanda ya yi bincike a jihar Damagaram ya kuma fitar da littafinsa a 1998, ya nuna cewa jin labarin dokar tana tafe shi kansa ya tayar da rigingimu, domin kowa na son ya tabbatar da hakkinsa kafin alƙalami ya bushe. Ya nuna kuma yadda wanda bai ji daɗin hukuncin maigari ba kan wuce wajen sarki, daga nan superefe, daga nan ɗan siyasa, in gwamnati ta canja kuma a sake tono maganar daga tushe. Wannan shi ne ainihin filin da aka tura masu sulhu, kuma da wuya a ce tsarin horon da aka gina ya dube shi ido da ido.

Yawancin horon ya zo ne ta hannun furoje-furojen da ƙasashen waje ke biya. Siffarsa sananniya ce: kwana uku ko biyar a babban gari, ɗaki da allo da manyan takardu a bango, mai horo ya karanta ayoyin doka da Faransanci, wani ya fassara da baki, a ƙarshe a raba kuɗin zama da takardar shaida. Ba a ce bai amfana komi ba. Sarakuna da yawa a irin wannan zama suka fara jin cewa burtali da mashaya dukiyar ƙasa ce da ba a sayarwa. Ƙungiyar makiyaya ta AREN, wadda aka kafa a 1990, ta horar da mutanenta kan hakkokinsu har suka fara tsayawa gaban hukuma da doka a hannu. A jihar Maraɗi, shirin PASEL da ƙasar Suwis ta tallafa tun ƙarshen shekarun 1990 ya bi wata hanya da ta fi dacewa: kafin a kafa turakun siminti a bakin burtali, sai an zauna gari-gari da manoma da makiyaya da sarakuna an amince da inda hanyar za ta bi. Waɗanda suka halarci irin wannan zama sun koyi sulhu ne suna yin sa, kamar yadda ake koya a zaure.

Amma akwai wata matsala a cikin abin da ake koyarwa. Dabarun da littattafan jagora suka ɗauko sun samo asali ne daga Amurka da Turai, musamman daga littafin Roger Fisher da William Ury na 1981, wanda ke koyar da raba mutum da matsala, da neman bukatar da ke ƙarƙashin abin da kowa ke iƙirari. Darasi ne mai amfani. Sai dai mai sulhun da wannan makaranta ke nufi baƙo ne ga ɓangarorin biyu, ba ya da iko a kansu, yana aiki a ɗaki a asirce, ba ya kuma ba da tasa shawara. Maigarin Hausa kuwa kishiyar wannan ne ta kowace fuska. Ya san kowa, wataƙila ma surukin ɗaya ne daga cikinsu, a fili yake zama, kuma jama'a na jiran ya faɗi inda gaskiya take. In aka ce masa ya zama ba ruwansa, sai ya gyaɗa kai a ɗakin horo, ya koma gida ya ci gaba da yadda ya saba. Wani Ba'amurken, John Paul Lederach, ya ga wannan tun 1995, inda ya bambanta horon da ke kawo wa mutane shiryayyen magani da wanda ke fara tono abin da su da kansu suka sani, a gina a kai. An fi yawan ambaton wannan ra'ayi a Nijar fiye da aiki da shi.

Tambayar da ta dace da maigari ba ta rashin sanin kowa ba ce, domin wannan ba zai yiwu ba. Ita ce yadda zai yi adalci ga wanda bai sani ba alhali ya san abokin rigimarsa. Makiyayi mai wucewa baƙo ne, ba ya biyan haraji a garin, ba zai halarci suna ko jana'iza ba, gobe ya yi gaba. Mai gona kuwa ɗan gari ne. Ga shi kuma a wurare da dama akan cire wa masu zaman wani kaso daga kuɗin ɓarna, wato yawan tara ribar mai sulhu ce. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta nemi maganin wannan. Ta amince cewa yawon kiwo hakki ne na asali, ta kuma tanadi kwamitocin sulhu da manoma da makiyaya ke da wakilai daidai wa daida, a ƙarƙashin sarki, waɗanda aka fayyace aikinsu a 2013. Tsari ne mai kyau, amma wakilin makiyayan da aka ɗauko daga cikin mazauna gari, wanda shi ma manomi ne mai ƴan shanu, ba lalle ya tsaya wa mai wucewa ba. A farkon Nuwamba 2016, shekara 25 bayan Toda, an kashe kusan mutum 20 a Bangi, cikin ƙasar Madawa, a kan irin wannan rigima.

Inda gyara ya kamata ya faɗa

Ranakun nan biyu, ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, suna faɗin wani abu. Rigimar gona da garke tana da lokacinta: tsakanin bushewar tabkunan arewa, wadda ke koro shanu kudu, da ranar da hukuma ke sanar da sakin gonaki. Ƴan makonni ne, kuma kowa ya san su. Horon da aka shirya bisa kalandar mai ba da kuɗi, a watan da kasafi ya fito, sau da yawa yakan faɗo lokacin da makiyaya ke can arewa ko sun tsallaka Nijeriya, sai a horar da rabin masu rigima. Horon da zai yi aiki shi ne wanda aka yi dab da kaka, a garuruwan da ke bakin burtali, mai horon kuma ya dawo cikin makonnin haɗarin ya zauna bayan maigari yana kallo, sa'an nan su tattauna bayan an watse.

Sai batun wanda ake gayyata. Takardar gayyata kan tafi ga sarki, alhali ba sarki ke zuwa gonar ba. Bara ko dogari ake aikawa, shi ke ganin sawu, shi ke ƙirga kan geron da aka ci, kuma abin da ya faɗa shi ne shaida. Wannan mutum da kyar ake ganin sa a ɗakin horo. Shi ne ya fi kowa bukatar ya san yadda ake auna ɓarna: faɗin wurin da aka ci, abin da gonar kan bayar, farashin dami ko tiya a kasuwar wannan mako, da kuma cewa ana biyan abin da aka ɓata ne, ba yawan kan dabbobi ko ƙarfin aljihun mai su ba. Yana bukatar ya san kuma inda sulhu ke tsayawa. In an zubar da jini, magana ta fita hannun zaure ta koma ta jandarma da kotu, kuma rufe ta da sunan zumunci shi ne ke haifar da ramuwar gayya badi.

Mata ma suna bayan ƙofa. Binciken da Marthe Diarra Doka da Marie Monimart suka fitar a 2004 ya nuna yadda ƙarancin ƙasa a kudancin jihar Maraɗi ke fitar da mata daga noma, gamana na ƙanƙancewa ko tana ɓacewa, gado kuma ba kullum yake isa gare su ba. Ƙa'ida ta ba mata kujera a Kofo, amma kujera ba murya ba ce. Tarihi kuwa bai rasa abin koyi ba: Iya a Maraɗi da Inna a Gobir mata ne masu iko da ake kai wa ƙara. Tsarin horon da bai tanadi yadda za a saurari bazawara ko marainiya kan gonar gado ba, ya bar wani babban ɓangaren rigimar ƙasa a waje.

Mafi nauyi duka shi ne rubutu. Dokar 1993 ta rataya komi a kan takardar zaman sulhu, domin ita ce ke hana a tono magana bayan shekara goma. Amma takardar da Faransanci take, masu sa hannu kuwa galibi ba su karanta shi, ga rajistoci da kan cika ko su lalace ba a sake su ba in furoje ya tashi. Sauyin ma'aikata ma na cin horo: a watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun komin aka naɗa masu riƙo, alhali magajin gari shi ne shugaban Kofo ta komin. Abin da aka zuba a kan mutum guda yakan tafi da shi. Nijar kuwa ba baƙuwar karatu da harshen gida ba ce. Makarantar gwaji ta farko da Hausa an buɗe ta a Damagaram a 1973, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10, kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 kuma ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Ga dubban mutane a karkara da ke rubutu da ajami, waɗanda ƙididdiga ta daɗe tana lissafa su cikin jahilai. Ba abin da zai hana takardar sulhu ta kasance da fuska biyu, Faransanci domin kotu, Hausa ko Fulatanci ko Buzanci domin masu ita, a kuma karanta ta da ƙarfi a gaban shaidu kafin kowa ya dangwala yatsa.

Fassarar ba ƙaramin aiki ba ce. Kalmar Faransanci guda da ke nufin mallaka ba ta ɗauke bambancin da Bahaushe ke yi tsakanin gado da saye da kyauta da aro da jingina, ko tsakanin mai gona da mai noman gona. Haka ma hakkin fifiko da doka ta ba makiyayi a mazauninsa na asali, wanda ba mallaka ba ne kuma ba ya hana wani shayar da dabba. In aka fassara shi da gaggawa sai ya zama ko dai «ƙasarsa ce» ko «ba ya da komi», kuma kowanne cikin biyun na iya jawo faɗa. Nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ke da abin yi wanda ba mai yi sai su. A ƙauyuka da yawa malamin lakwal ne mafi kusa da zai iya riƙe alƙalami da harsuna biyu. Cibiyoyi irin su CELHTO da IRSH a Yamai sun daɗe suna tattara tarihin baka na sarauta da yaƙi da asalin garuruwa. Irin wannan aiki ne ya rage a yi wa sulhu: a zauna da tsofaffin barori da sarakunan noma da arɗo-arɗo da mata dattawa, a ɗauki labarin rigingimun da suka raba, waɗanda suka mutu da waɗanda suka sake tashi, da kalmomin da suka yi amfani da su. In an cire sunayen mutane, darasi talatin ko arba'in irin waɗannan daga Gidan Rumji da Madarumfa da Dakwaro da Mirya da Ƙwanni sun isa littafin horo na shekara guda, kuma gidajen rediyon karkara na iya karanta su daga watan Satumba, kafin shanu su fara saukowa.